FAGEN WASANNI: Gwiwar Hannu Mai Raba Gwani Da Sana'arsa

Ran 9 ga watan Satumba na shekarar 2014, labari ya fito daga ofishin Hukumar Kurket ta Duniya da ke Dubai cewa an dakatar da Sa'id Ajmal, ɗan ƙasar Pakistan, daga sakin ƙwallo a dukkan wasannin ƙasa da ƙasa. A wannan rana kuwa babu wanda ke gabansa a jerin gwanayen sakin ƙwallo na wasan yini ɗaya a duk duniya. Shi ne wanda a farkon shekarar 2012 ya fitar da masu bugun Ingila har sau 24 cikin manyan wasanni uku, Pakistan ta cinye ukun duka. Ba a kama shi da cin hanci ba, ba a kuma same shi da shan ƙwaya ba. Laifin yana gwiwar hannunsa na dama, wadda aka auna a birnin Birisben na Ostiraliya aka ga tana miƙewa fiye da yadda doka ta yarda. Mutum mai shekara 36, wanda da wannan hannu ya yi suna ya kuma ci abinci, aka ce masa ya koma ya sake koyon sana'arsa daga tushe.

Domin mai karatu ya gane nauyin wannan hukunci, ya kamata a fara da bayanin dokar kanta. A wasan kurket, mai sakin ƙwallo yakan sheƙo da gudu ya saki ƙwallon fata mai tauri, mai nauyin oza biyar da rabi ko sama kaɗan, zuwa ga mai bugu wanda ke tsaye da sandarsa a gaban wasu sanduna uku, tsakaninsu yadi 22. Amma ba a yarda ya jefa ƙwallon yadda yaro ke jifan mangwaro da dutse ba. Wajibi ne ya wulwulo hannunsa daga baya ta saman kafaɗa kamar ƙafar keke mai juyawa. Dokar ta ce, da zarar hannu ya kai daidai kafaɗa, ba a yarda gwiwar hannu ta miƙe ba har sai ƙwallo ya bar yatsu. Watau lanƙwasar hannu ita kaɗai ba laifi ba ce. Laifin shi ne a taho da hannu a lanƙwashe, sa'an nan a miƙe shi farat ɗaya lokacin saki, domin wannan fizgar ita ce jifa, ita ce kuma ke ƙara wa ƙwallo gudu ko murɗawa fiye da abin da mai bin doka zai iya samu. Tun shekarar 1864 da aka halatta ɗaga hannu sama da kafaɗa, gardama a kan wane ne mai saki, wane ne mai jifa, ba ta taɓa ƙarewa ba.

A zamanin da, idon alƙalin wasa shi ne ma'auni, bakinsa kuma shi ne hukunci. In ya ga abin da bai gamshe shi ba, sai ya ɗaga hannu ya soke ƙwallon a gaban dubban 'yan kallo, wanda aka yi wa haka kuwa da wuya ya sake ɗaga kai. A watan Yuni na 1960, wani saurayi ɗan Afirka ta Kudu mai suna Geoff Griffin, ɗan shekara 21, ya fitar da masu bugun Ingila uku a jere da ƙwallo uku a filin Lord's na Landan, abin da babu wanda ya taɓa yi a babban wasa a wannan fili kafinsa. A cikin wannan wasa dai aka soke masa ƙwallo sau 11 saboda jifa. Hannunsa ya lanƙwashe ne tun wani hatsari da ya yi yana ɗan makaranta, amma wannan bai cece shi ba, bai sake yi wa ƙasarsa babban wasa ba. Haka kuma a watan Disamba na 1963, a Birisben, alƙali Col Egar ya soke wa Ian Meckiff na Ostiraliya ƙwallo huɗu a jerinsa na farko. Kyaftin ɗinsa, Richie Benaud, bai sake miƙa masa ƙwallo ba har aka gama wasan. 'Yan kallo suka ɗauki Meckiff a kafaɗa don nuna ɓacin ransu, amma da aka tashi sai ya ajiye wasan gaba ɗaya yana da shekara 28.

Duk da haka, ko a wancan zamani an sami wanda ya nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. Tony Lock, mai murza ƙwallo da hannun hagu, ɗan Ingila, an soke masa ƙwallo a birnin Kingston na Jamaika a 1954, ya ci gaba da wasa yana ganin an zalunce shi. Sai a 1959, a ƙasar Niyu Zilan, aka nuna masa majigin kansa yana saki. Gani ya kori ji. Abin da ya gani ya kaɗa shi ƙwarai, ya koma gida ya rage zafin hannu, ya sake tsarin sakinsa, ya komo cikin ƙungiyar Ingila ya yi mata wasa har 1968. A manyan wasanni 49 ya fitar da masu bugu 174, ya kuma shugabanci ƙungiyar jihar Ostiraliya ta Yamma ta ci garkuwar ƙasar a kakar 1967 zuwa 1968. Darasin da ke cikin labarin Lock shi ne, yawancin masu wannan laifi ba su san suna yi ba, domin mutum ba ya ganin gwiwar hannunsa sa'ad da yake cikin gudu.

Wanda ya tilasta wa hukuma ta sake duba al'amarin baki ɗaya shi ne Muttiah Muralitharan na Siri Lanka. Ran 26 ga Disamba, 1995, a Melbon, alƙali Darrell Hair ya soke masa ƙwallo sau bakwai. A Janairun 1996 wani alƙalin, Ross Emerson, ya sake yi masa haka, ya kuma maimaita a Adelaide a Janairun 1999, har kyaftin Arjuna Ranatunga ya ja 'yan wasansa zuwa bakin fili, wasa ya tsaya na wani lokaci. Da masana suka auna Muralitharan a Jami'ar Ostiraliya ta Yamma da kuma wata jami'a a Hong Kong, sai aka ga an haife shi ne da hannun da ba ya miƙewa sosai, ga kuma wuyan hannu da kafaɗa masu juyawa fiye da na sauran mutane, abin da ke sa ido ya ga kamar jifa yake yi. A 2004 aka sake kai ƙararsa a kan wani salo da ake kira dusra, kalmar Urdu mai ma'anar "ɗayan", watau ƙwallon da ke karkata zuwa ɓangaren da mai bugu bai zata ba. Awo ya nuna hannunsa na miƙewa digiri 14 in zai saki wannan ƙwallo, alhali a lokacin digiri 5 kaɗai aka yarda wa masu murzawa, 7.5 ga masu matsakaicin gudu, 10 ga masu zafin hannu.

A wannan shekara ta 2004 hukumar ta sa aka ɗauki hotunan 'yan wasa da na'urori masu sauri a gasar Kofin Zakaru da aka yi a Ingila. Sakamakon ya ba kowa mamaki, domin ashe kusan duk mai sakin ƙwallo yana ɗan miƙe gwiwar hannu, har da waɗanda ake yabo da tsabtar saki. Saboda haka daga watan Maris na 2005 aka tsayar da iyaka ɗaya ga kowa, digiri 15, bisa ga hujjar cewa daga nan ne idon mutum ke fara ganin fizgar hannu. Muralitharan ya ci gaba da buga manyan wasanni har watan Yuli na 2010, inda ya fitar da mai bugu na 800 da ƙwallonsa na ƙarshe a babban wasa, adadin da har yau babu wanda ya kai.

Tun daga nan hanyar hukunci ta sake. Alƙalan wasa sukan rubuta rahoto bayan an tashi, maimakon su kunyata mutum a tsakiyar fili. Wanda aka kai ƙararsa sai ya tafi ɗaya daga cikin ɗakunan awo da hukumar ta amince da su, irin na Birisben, da Loughborough a Ingila, da Cennai a Indiya, da Piritoriya a Afirka ta Kudu, da Lahor a Pakistan. A can zai tuɓe riga, a manna masa 'yan alamomi a kafaɗa da damtse da gwiwar hannu da wuyan hannu, ya saki kowane irin ƙwallo da ya saba saki, na'urori na ɗaukarsa ta kowace kusurwa. Masanan sukan gwada abin da ya yi a ɗakin da hotunan wasan da aka kai ƙararsa a kai, don kada ya zo musu da wani salo na dabam. In ya wuce digiri 15, an dakatar da shi ke nan daga saki, ko da yake yana iya yin bugu. In ya gyara sai ya nemi a sake auna shi. Amma wanda aka dakatar sau biyu cikin shekara biyu, sai ya zauna shekara guda cur kafin a saurare shi.

To, a nan wahalar take. Hannun da ya yi shekara 20 yana bin hanya ɗaya ya riga ya haddace ta, ba ya jiran umurnin mai shi. Masu koyarwa sukan fara ne daga ƙafa, domin sau da yawa can cutar take. Wanda ya iso wurin saki ƙirjinsa na fuskantar mai bugu, ƙafafunsa a buɗe, ba ya samun ƙarfi daga juyawar ƙugu da kafaɗa, sai gwiwar hannu ta biya bashin. Don haka sai a koya masa shigowa ta gefe, ya ɗaga ɗaya hannun sama ya ja shi ƙasa da ƙarfi, jikinsa duka ya juya a kan ƙafar gaba. Yakan fara a tsaye wuri ɗaya, yana saki cikin raga daga 'yan taku kaɗan, wani lokaci da abin ɗaure gwiwar hannu don kada ta motsa. Daga nan a ƙara masa taku ɗaya, sa'an nan biyu, har ya kai ga cikakken gudunsa, ana ɗaukarsa hoto kullum ana nuna masa. Aikin yakan ci watanni da dubban ƙwallaye. Babbar jarrabawa kuma tana zuwa ne bayan ɗakin awo, ranar da gajiya ta kama shi a fili, mai bugu na ta dukan ƙwallonsa, zuciya na raya masa ya koma ga tsohuwar hanyar da ya san tana ci.

Shekarar 2014 ita ce shekarar da hukumar ta tsananta. A watan Yuli aka dakatar da Sachithra Senanayake na Siri Lanka da Kane Williamson na Niyu Zilan, a Satumba Ajmal, a Oktoba Prosper Utseya na Zimbabuwe da Sohag Gazi na Bangaladash, a Disamba kuma Muhammad Hafiz na Pakistan. Kusan dukkansu masu murza ƙwallo da yatsu ne, kuma abin da ya sami kowannensu bayan haka ya sha bamban. Williamson, da yake bugu ne ainihin sana'arsa, an wanke shi a Disamba, abin bai rage shi da kome ba. Utseya an yarda masa ya dawo, amma da sharaɗin ya bar murzawar da aka san shi da ita, ya riƙa sakin ƙwallo mai matsakaicin gudu.

Ajmal kuwa, wanda awonsa ya ninka iyakar doka fiye da sau biyu, ya shiga hannun Saqlain Mushtaq, tsohon gwanin Pakistan wanda shi ya shahara da dusra tun farko. Suka yi ta fama har watan Fabrairu na 2015, lokacin da aka auna shi a Cennai aka ce ya gyaru. Kofin Duniya na wannan shekara ya riga ya wuce shi. A watan Afrilu ya sake sa rigar ƙasarsa a birnin Dakka, ya saki jeri 10, 'yan Bangaladash suka ci maki 74 a kansa, bai fitar da ko mutum ɗaya ba. Hannun ya bi doka, amma dafin ƙwallon ya tafi tare da fizgar. Bayan wannan ziyara ba a sake kiransa ba, ya yi ritaya a watan Nuwamba na 2017 yana kukan cewa ba a yi masa adalci ba. A manyan wasanni 35 ya fitar da masu bugu 178, ba a kuma ƙara ko ɗaya a kai ba tun ranar da aka dakatar da shi.

Labarin Sunil Narine, ɗan tsibirin Trinidad wanda ya yi wa ƙungiyar Wes Indis wasa, ya fi daɗin ji. Da aka fara kai ƙararsa a wata gasa a Indiya a 2014, shi da kansa ya janye daga Kofin Duniya na 2015 don ya sami lokacin gyara. Duk da haka aka dakatar da shi a watan Nuwamba na 2015, yana kan gaba a jerin gwanayen duniya. Ya koma ya yi aiki da wani mai koyarwa ɗan Ingila, Carl Crowe, aka wanke shi a Afrilun 2016. A watan Yuni, a wasansa na farko bayan dawowa, a ƙasar Gayana, ya fitar da 'yan Afirka ta Kudu shida a kan maki 27 kacal. Narine ya gane cewa in an rage wa hannu ƙarfi, sai a ƙara wa yatsu dabara, ya kuma koyi bugu har ya zama abin tsoro da sanda. A 2024 shi aka zaɓa gwarzon babbar gasar ƙungiyoyin Indiya, shekara takwas bayan da wasu suka ɗauka tasa ta ƙare.

Haka nan Taskin Ahmad na Bangaladash, mai zafin hannu, wanda aka dakatar a watan Maris na 2016 ana tsakiyar gasar duniya ta gajeren wasa a Indiya, yana ɗan shekara 20. Cikin wata shida ya gyara, aka auna shi a Birisben aka sallame shi a Satumba. A wasansa na farko ya fitar da 'yan Afganistan huɗu, Bangaladash ta tsira da ratar maki bakwai, a watan Maris na 2017 kuma ya fitar da 'yan Siri Lanka uku a jere. Ƙuruciya ta taimake shi, domin hannunsa bai riga ya bushe a kan kuskure ba.

Muhammad Hafiz shi ne misalin yadda tsohon hali ke komowa. An wanke shi a Afrilun 2015, aka sake kama shi bayan wata biyu, ya zauna shekara guda. Ya dawo a ƙarshen 2016, aka kuma dakatar da shi a Nuwamban 2017, ya sake gyarawa aka sallame shi a 2018. Ko shahara da daɗewa ba sa kare mutum. Shakib Al Hasan na Bangaladash ya yi shekara 18 yana wasan ƙasa da ƙasa kafin a kai ƙararsa a watan Satumba na 2024, sa'ad da ya yi wa ƙungiyar Surrey ta Ingila wasa ɗaya tak. Ya faɗi awo a Loughborough, ya sake faɗuwa a Cennai, aka bar shi a gida lokacin Kofin Zakaru na 2025, sai a watan Maris na 2025 ya haye a karo na uku.

Akwai masu cewa dokar ta yi tsanani, ta kashe dusra, ta kuma raba wasan da wasu gwanayen da jama'a ke biyan kuɗi don su gani, alhali sandunan bugu sun ƙara kauri, komai na wasan ya karkata ga mai bugu. Maganarsu tana da ƙamshin gaskiya. Amma in an bar kowa ya yi jifa, yaron da ya ɓata shekaru yana koyon saki na halal shi aka cuta, kuma mai bugu da ke tsaye a yadi 22 yana fuskantar ƙwallo mai tauri rayuwarsa ma tana cikin hatsari. Abin da ba a musu a kai shi ne tsarin yanzu ya fi na zamanin Griffin da Meckiff tausayi, domin yana ba mutum awo maimakon zato, yana kuma bar masa ƙofar dawowa a buɗe.

Inda laifi ya fi yawa shi ne wajen masu koyarwa da hukumomin ƙasashe, waɗanda ke ganin yaro yana jifa tun yana makaranta su kau da kai saboda yana ci musu wasa, har ya girma ya sa rigar ƙasa, sa'an nan a tona asirinsa a gaban duniya. Wannan gargaɗi ya shafi Nijeriya, wadda ta zama ƙaramar wakiliya a hukumar ta duniya a 2002. A watan Oktoba na 2019, a wasannin share fagen gasar duniya da aka yi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ɗan wasan Nijeriya Abiodun Abioye yana cikin mutum uku da aka dakatar saboda sakinsu, tare da wani ɗan Sikotilan da wani ɗan Singafo. Tun daga lokacin wasan ya ƙara bunƙasa a ƙasar nan, samari 'yan ƙasa da shekara 19 sun je Kofin Duniya a 2020, 'yan mata kuma sun doke Niyu Zilan a nasu Kofin Duniyan a Janairun 2025. Yaran da ke shigowa yanzu su ne za a auna nan gaba. Ba a bukatar ɗakin awo na miliyoyin naira kafin a gane mai jifa a filin makaranta. Malamin wasa mai lura, da wayar hannu mai ɗaukar hoto, sun isa su nuna wa yaro abin da aka nuna wa Tony Lock a majigi, tun yana ɗan shekara 12. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gyaran da Taskin ya gama cikin wata shida yana saurayi, shi ne ya ci wa Ajmal sana'arsa yana da shekara 37.